Ɗan Ruwa a Motar Asibiti

Daga inda take jera kifin banda a bakin ruwan Yelwa, Zulai'atu tana kallon saurayin da ke tsaye kusa da motar asibiti. Farar rigarsa ta sha guga, takalmin kuwa da gani yana cin ƙafarsa. Ba ta san sunansa ba. An dai ce sabuwar jiha ce ta biya masa karatun agajin gaggawa a Sakkwato, bisa alkawarin zai dawo ya bi motar nan har wa'adinsa ya cika.

Tsayuwarsa ce ke tona shi: ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kamar ƙasar za ta yi tangaɗi. Wanga ɗan masunta ne, in ji zuciyarta.

Kwalekwale ya iso daga tsibiri da wani dattijo da maciji ya sara a ƙafa. Nan da nan saurayin ya naɗe ƙafar, ya kwantar da shi a mota. Sai dangi suka yi caa za su shiga.

"Inna, koma dama. Baba, kai hagu," in ji saurayin. "Kar ku taru gefe guda ta kife."

Direba ya leƙo. "Malam likita, mota ce fa, ba kwalekwale ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai, mata na ta dariya. Amma da injin ya tashi, Zulai'atu ta ga ya dafa bayan motar, ya tokare ƙasa da sabon takalminsa, ya tura ta tukuna, sannan ya daka tsalle ya faɗa ciki.