Nauyin Mai Mota

Mu'awiya bakanike ne, a Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi sana'a, kuma in ana maganar taurin kai, to a gidansu aka raba. Ya daɗe a wani gareji a unguwar Al Qusais ta Dubai yana aikin ƙafar mota. Balaraben da ke da garejin ya yi faɗa har ya gaji a kan ɗabi'arsa guda: in ya sa sabon bushin, wato robobin nan na ƙafa, ba ya ƙarasa ɗaure noti sai an sauke motar daga jak, mai ita ya shiga ya zauna. Wai sai roba ta ji nauyin mai mota, in ba haka ba murɗewa take yi ta yage. "Yalla, khalas!" in ji Balarabe, wato yi sauri ka gama. Ina! Ko gezau.

Alhaji Halliru, mai sarin takalma a kasuwar Naif, shi ya kawo shi Dubai, shi ya tsaya masa a kan biza, har aurensa shi ya yi masa walicci. Mu'awiya ba shi da uban da ya wuce shi. Da Alhajin ya sayi wata tsohuwar koriyar mota ƙirar Ingila, mai kujera biyu, marar rufi, ba wanda ya yarda ya taɓa ta sai Mu'awiya. Zafin garin ya busar da robobinta, duk sun farfashe. Kafin sababbi su iso daga Ingila, ciwo ya kwantar da Alhaji a asibiti.

Mu'awiya ya cire tsofaffin, ya matsa sababbin, ya bar notuka a kwance. Motar ta yi ta shan ƙura a lungu.

Hajiya Sauda, matar Alhaji, ta bugo waya. "Mu'awiya, ɗaure kawai, kargo za a sa ta, a aika da ita Najeriya. Likitoci sun ce a mai da shi gida."

Kowa ya san abin da wannan magana take nufi. Mu'awiya ya ƙi sani. "Hajiya, Alhaji zai tashi. Shi zai zauna a ciki."

Alhaji ya ji labari, ya ce a bi da shi ta garejin a hanyar filin jirgi. Mu'awiya ya gaishe shi kai a ƙasa, don ba zai iya kallonsa ba, ya yi maza ya faɗa ramin gyara da ke ƙarƙashin motar da sifana a hannu. Ya kafa wa ƙafar motar ido, yana jira ta ɗan nutsa. Shiru.

"Alhaji, bismillah, shiga mana."

Muryar Alhaji ta sauko a hankali. "Ai tun ɗazu ina ciki, Mu'awiya."

Wallahi sai a lokacin tsoro ya kama shi. Ciwo ya cinye Alhaji har motar ba ta ji nauyinsa ba. Ya ɗora sifana a kan noti, hawaye na zuba, ya ɗaure.