Ranar Da Na Ƙi Faɗin Sunan Maigidana A Asibiti

Salamu alaikum mutanen Nima da Maamobi, na gida da na ƙetare. Na san kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har an fara tambayar jikata Rabi ko tsohuwa ta tafi. Ban tafi ba tukuna, ƙafa ce ta zaunar da ni.

Rabin ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ita ce ma ta tayar da zancen. An ce mata wani asibiti na neman akawu, mai haɗa takardun kuɗin magani ya tura wa masu inshora su biya. Sai yamutsa fuska take yi, wai aikin takarda ne, ba ya ceton kowa. Na ce ɗauko wayarki, yarinya.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru aka kawo ni Nima daga Salaga, ina amarya. Allah sarki Nimar da! Gidan haya ɗaya za ka samu Dagomba da Zabarmawa da Mosi, tukunya tana zagaya ƙofa-ƙofa. Maigidana direban lori ne a wani kamfanin kaya, kowa Mai Lori yake ce masa.

Wata rana ciwo ya fara mini a layin famfo. Wani abu ya cije ni a ciki, gefen dama. Na ce tsutsa ce, na jiƙa kanwa na sha.

Sai amai, sai zazzaɓi, har miƙe ƙafa ya gagare ni. Maigidana kuwa yana hanyar Tamale da kaya, katin asibitin da kamfani ya ba mu yana aljihunsa.

Mma Adisa, uwar gidan hayarmu mai sayar da waace, wato shinkafa da wake, ta leƙo ta ce, “La'ilaha! 'Yar mutane za ta mutu mini a ɗaki?” Ta bar tukunyarta a kan wuta, ta tare mota.

Asibitin kuɗi ne, inda kamfanin ke kai ma'aikatansa da iyalinsu. Likita ya danna cikin ya saki, na yi ihu. Aka ɗebi jini. Nas ta fassara mana: hanji ne ya kumbura, yau za a yanka, in ya fashe a ciki sai dai wani ikon Allah.

Sauran magana wurin akawu. In kamfani zai biya, shi ke nan. In mu ne, ko mun sayar da tukunyar waace da zannuwan aurena ba za mu kai ba, kuma likita ya ce jikin ba zai jure neman wani asibiti ba.

Akawun ɗan ƙabilar Ga ne, da irin Hausar mahauta a bakinsa. Ya ce, “Mamma, mijinka, yaya sunansa?”

Na yi shiru.

Yaran yanzu ba za ku gane ba. A gidanmu mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari. Ban taɓa jin na babana a bakin uwata ba. Ga shi ana so in faɗa a gaban namiji baƙo, mutane cike da benci.

Mma Adisa ta ce, “Mai Lori ne!” Ya ce masu lori sun yi yawa a kamfanin. Ta juyo kaina, “Ke, faɗa mana! Kunya ce za ta yi miki salla?”

Wallahi na buɗe baki. Ina kuka, ina jin tsoron mutuwa sosai, amma harshen ya ƙi.

Mutumin nan ya ajiye alƙalami, ya zagayo ya tsuguna gaban bencin. Ya ce, “Kar ka faɗa. Ni zan kira, kai ka ji.”

Ya fara. Isa? Haruna? Salifu? Yakubu? Mutanen benci suka shiga taya shi, wata tsohuwa tana jefo na 'yan garinsu. Da aka zo kan na maigidana, sai na ja mayafi na rufe fuska.

Ya ce, “Yawwa!” Ya buga wa kamfanin waya, suka ce nasu ne, yana hanyar arewa. Aka tura ni ciki.

Na farka da ɗinki a ciki da ƙishin da ban taɓa ji ba, nas tana jiƙa mini leɓe da auduga. Kullum da safe allura, a wanke ciwo, a ce tashi ki taka. Da aka yarda in ci, matan gidanmu suka yi ta sintiri da koko, har na gadon kusa da ni suka samu.

Da maigidan ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, “Yanzu da sai ki mutu da sunana a baki?”

Na ce, “To da a ina kake so in ajiye shi?”

Alhamdu lillahi, na warke sarai, na haifi 'ya'yana. Allah ya jiƙan Mma Adisa, ya jiƙan Mai Lori. Akawun nan ban sake ganinsa ba, Allah ya saka wa zuriyarsa.

Rabi, karɓi aikin. Amma in mutum ya yi shiru a gabanki, ɗago kai ki dube shi kafin ki ce na gaba.

Ku kuma mata, ciwon gefen dama ba na kanwa ba ne, ku tafi asibiti. Katin inshora ya zauna a hannunku, ba a aljihun mai tafiya ba. In an tambaye ku suna, ku faɗa da ƙarfi.

Ga Rabi nan ta tsayar da rubutu, wai in faɗi na kakanta ta sa. Kakan nata ma ya roƙe ni haka a jinyarsa ta ƙarshe, wai ko sau ɗaya ne ya ji sunansa a bakina. Na riƙe hannunsa na ce masa Mai Lori.