Hajja Asibi da Gangar Abatcha

Shekara ashirin da bakwai Hajja Asibi tana buɗe tagogin ƙaramin gidan kayan tarihi na Gashua kafin ƙarfe bakwai. Ta yayyafa ruwa, ta share, ta goge gorunan masunta da tsofaffin homar kamun kifi, sannan ta koma bakin ƙofa ta zauna. Shara aka ɗauke ta yi. A wannan watan za ta yi ritaya, kuma in ba a faɗa ba, da yawa ba za su san abin da ta yi ba.

Wata rana kurame bakwai suka zo daga Nguru. Malam Ridwanu mai yi wa baƙi bayani ya juya musu baya kamar yadda ya saba, yana nuna kaya da sanda, yana zuba tarihi. Awa guda suna kallon ƙeyarsa. Suka fita ba su san kome ba, kuma Asibi kaɗai abin ya dama. Daga ranar, duk Juma'a da la'asar tana wurin wasu mata kurame masu gyaran barkono a bayan kasuwa, tana koyon maganar hannu. Sun yi mata dariya har sun gaji, ba ta fasa ba. Shekara uku ta yi.

Sai ga Rabe, baduku daga Nguru, wanda sanƙarau ya kurmantar tun yana ɗan shekara uku. Ya tsaya gaban wata gangar noma ya ƙi gaba. Ya gaya wa Asibi da hannu cewa ta mahaifinsa ce, Abatcha, makaɗin gayya. Yana yaro yakan jingina ƙirjinsa da ita in uban na kaɗawa. Abu ɗaya yake roƙo: ya sake jin wannan girgizar kafin ya mutu.

Dokar gidan kuwa, ba a taɓa kaya, kuma ma'aikacin da ya bari aka taɓa ya bar aiki. Asibi ba ta yi a ɓoye ba. Ta je wurin shugaban gidan, Malam Zakir.

"Hajja, tsintsiya aka ba ki," in ji shi. "Yaushe kika zama lauyar bebaye?"

"Ranka ya daɗe, kurame ne. Magana suna da ita, mu ne ba mu iya ba."

Sau uku yana korar ta. A na huɗu ta shigo da Rabe ofis, suka zauna suka kama hira da hannu, suna dariya, suna ɗan kallonsa. Malam Zakir ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"Wai me kuke cewa? Zagina kuke yi?"

"Minti biyar kawai ka yi, ranka ya daɗe, har ka fusata. Su haka suke yini a gidan nan."

Malam Zakir ya ce, "To, ku je ya taɓa gangar. A hankali dai, fatar ta tsufa."

Malam Ridwanu ya fara bugawa, Rabe ya kafa ƙirji a jikin gangar. Ya girgiza kai, ya karɓe makaɗin. Mutumin da bai ji sauti ba shekara hamsin ya saki kiɗa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa, Iya Maiturare, ta faɗo ciki mayafinta a hannu.

"Wa ke kiɗan Abatcha? Da wannan muka yanki shinkafa a fadama!"

Asibi ta mayar wa Rabe da maganar da hannu. Ya ajiye makaɗin, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa.

Yau duk Alhamis kurame na zuwa daga Nguru da Dapchi. An ɗinka sabuwar ganga wadda kowa zai taɓa, Rabe ne ya ɗaure fatarta. Malam Ridwanu ya koyi fuskantar baƙi, kuma Nuraini, sabuwar ma'aikaciya, ta karɓi fassara daga hannun Asibi.

Ke ce kika yi wannan, Hajja. Ba ki da digiri, ba a tura ki kwas ba, ba a ƙara miki matsayi ba. Kunya kika ji a inda masu ilimi ba su ji ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku kuma masu ofis da asibiti da makaranta, kada ku tsaya yaba mata. Akwai kurma a unguwarku da kuke wucewa kullum. Gobe ku tsaya gabansa, ku ce ya koya muku yadda ake gaisuwa.