Azurfar da Na Kai Meksiko

Shekarun baya, lokacin da turis, masu yawon buɗe ido, suka ɗauke ƙafa daga Agadas, ni dillalin kayan azurfa ne. Ina da butik kusa da babban masallaci, kuma duk abin da ke ciki hannun mutum ɗaya ne ya ƙera shi: abokina maƙeri, wanda ya ɗan girme ni. Shi ya iya wuta, ni na iya baki.

Da kasuwa ta mutu, maƙeran unguwarmu suka fara tafiya Djado haƙar zinariya. Shi ma ya fara zancen. Na ce, "Yaya, hannunka ba na haƙa rami ba ne. In turis sun ƙi zuwa, ni zan bi su har gida."

Wani tsohon kiliyana, mai sayen kaya wurina, ya samo mini gayyata zuwa baje kolin sana'ar hannu a Meksiko. Na cika jakar goyo da kuros ɗin Agadas, adon azurfar nan da ake ratayawa a wuya, da zobba, da 'yan kunne. Ranar tafiya abokina ya ce, "Kai ɗan kasuwa, in ci gaba da hura wuta ko in kashe?"

"Hura," na ce. "Wata biyu zan dawo maka da aikin da sai ka gaji."

Ni da nake taƙamar ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba, ban tambayi kowa ko mutanen can suna da azurfa ba. Ashe daga ƙasarsu ake haƙo ta. Kowane tebur a wurin baje kolin walƙiya yake. Mutum zai ɗauki kuros ɗina, ya juya shi, ya yi mini tambaya, ni kuwa sai murmushi. Faransancina bai yi mini komi ba. A nan na gane cewa a gida ma ba azurfa nake sayarwa ba, labarinta nake sayarwa: wane gari ne mai wannan zane, me uba yake faɗa wa ɗansa in ya ba shi. Ba harshe, ba ciniki.

Sai na yanke shawarar koyon Sifaniyanci. Na bi motocin haya na yi kudu, inda rayuwa ta fi sauƙi, har wani ƙaramin gari. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwar malamar lakwal, makarantar boko, ina zama gabanta kowace safiya da kaye da bik na rubutu, da furfurata, tana gyara mini baki.

Kusa da garin akwai kufan tsohon birnin ƙabilar Maya. Wata Lahadi na je. Dala ce ta dutse, matakalarta har sama, itatuwa sun fasa bango sun fito. A bakin ƙofa jikokin waɗanda suka gina wurin suna bin turis da sarƙoƙi a hannu, suna kira, ana wuce su ko kallo babu. Na san wannan tsayuwar. Na san wannan murmushin. Na zauna kan dutse na tuna hasumiyar masallacinmu.

A wurin na kira abokina a waya. Ya ce, "Ɗan kasuwa, ka zama Bature ko? Yaya kayanmu?"

Da na faɗi gaskiya a ranar, da ya tafi Djado tare da 'yan'uwansa. Amma na ce, "Ana son su ƙwarai. Ƙara mini haƙuri kaɗan."

"To," ya ce. "Iyali sun fara kallona, amma tunda ka ce."

Wata biyu ya zama bakwai. Harshen ya zauna, ciniki bai zauna ba, kunya kuma ta hana ni dawowa. Shi yana can yana ta ƙira saboda maganata. Da azurfa ta ƙare masa, awarwaron matarsa ya narkar.

Ranar da na dawo na je wurinsa, ya ɗaga jakata da hannu ɗaya. Maƙeri ba ya buƙatar ma'auni. Ya ce, "Jakar nan ba ta rame ba, ɗan kasuwa." Sai ya ɗora mana shayi. Da ya zage ni da ya fi mini.

Bayan sati ya tafi Djado. Ya je a makare, wurare masu sauƙi an kama, sai tsofaffin ramuka masu zurfi. Ɗaya ya rufta da shi kafin azumi.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kuma kowa ya faɗa mini haka. Amma na san abin da na faɗa kan dutsen nan. Yanzu tayoyin manyan motoci nake sayarwa, kuma ko zan rasa ciniki, ba na ce wa mutum kaya na tafiya in ba ya tafiya. Abin da na koya ke nan, kuma ya zo bayan ba shi da amfani ga wanda ya buƙace shi.

Sifaniyancin yana nan a bakina, ban manta ba. Zan iya ba ka labarin kowane kuros da shi, tiryan-tiryan. Jakar tana ƙarƙashin gadona. Har yau ba wanda ya tambaye ni.