Sifili a Takardar Sakataren Tasha

Har yau in na tuna da takardar jarrabawar nan sai raina ya ɓaci, kuma cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina.

A shekarun da nake magana, jami'armu tana da ajin Asabar da Lahadi a Birnin Kudu, domin ma'aikata da 'yan kasuwa masu neman digiri da girmansu. Aron ajujuwan wata sakandare muke yi. Ni aka ba darasin shugabanci da tafiyar da ma'aikata, amma ba ni da cikakken iko a kansa. Kwas ɗin shugaban sashenmu ne, wani farfesa da ya shekara da shekaru yana karanta wa ɗalibai handawut guda, su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su amayar masa da abinsa. Ni nake shiga aji, shi yake fitar da tambayoyi da tsarin ba da maki.

Na zo da zafina, don ban daɗe da dawowa daga ƙaro karatu ba, inda na ga ana barin ɗalibi ya kawo abin da ya sani a baje shi, malami yana gefe yana gyara. Ranar farko na ce a juya bencuna mu fuskanci juna. Aji ya kwashe da dariya, ashe an kafe su a siminti, duk suna kallon allo. Na ce to mu koma gindin darbejiya, kowa ya nemi abin zama.

Cikin ɗaliban akwai wani Alhaji, sakataren direbobi a tasha, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Sau biyu yana faɗuwa wannan kwas, kuma doka ta ce wanda ya faɗi sau uku an sallame shi. Kwas ɗin kaɗai ya rage masa ya karɓi digirinsa. Yana jin Turanci, yana rubuta shi daidai gwargwado, hadda ce kawai ba ta zama masa a ka. Kullum yana can baya da handawut a ninke a aljihun gaba, bakinsa na motsi kamar mai lazimi.

Da muka zo kan sasanta rikici a wurin aiki, na ce kowa ya kawo wanda ya taɓa gani da idonsa. Kowa ya hau kallon na kusa da shi. Na ce, "Alhaji, kai da kake wuni a tasha, ba ka taɓa raba faɗa ba?"

Ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba karatu ba ne."

Sai da na matsa masa sannan ya miƙe. Ya ce akwai lokacin da direbobin Gwaram, masu kwaso fasinja daga su Kwandiko ranar kasuwa, suke so in sun sauke su yi lodi su juya ba tare da sun bi layi ba. Direbobin gari suka ce ba su san zancen ba, har aka fara zaro jak da sifanar kwance taya. Shi kuwa bai haɗa su wuri ɗaya ba. Ya bi dattijon kowane ɓangare har gida, ya saurare shi bai katse shi ba. A ransa ya riga ya san mafita, wato in motar gari biyu suka tashi a bar ta Gwaram ɗaya ta yi lodi, amma bai furta ba. Sai ya je wurin wanda ya fi kowa taurin kai, ya yi ta kewaya shi da tambaya har maganar ta fito daga bakinsa. Ya ce, "Kun san in daga bakina ta fito zai ƙi. Da yake tasa ce, har gobe shi yake gadinta."

Wata malamar asibiti ta ce wallahi haka za ta yi wa masu rigimar canjin aiki a ɗakinsu. Wani hedimasta daga Surko ya ce bai yarda ba, wannan wayo ne ba shugabanci ba. Aka kaure da gardama, ni kuwa ina zaune a kan saiwa, daɗi kamar ya kashe ni. A daidai nan motar farfesa ta shigo, ya zo duba mu.

Bai ce komai a gaban ɗalibai ba, sai da muka keɓe. Ya ce, "Malam, jami'a na turo ka ko majalisar mai shayi? Kana zaune a ƙasa, ɗan kamasho yana yi maka lakca?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke shafi na tara na handawut ɗinka ne yake faɗa, sai dai shi ya yi shi da hannunsa." Ya sha mur, ya ce za mu gani ran jarrabawa. Na ɗauka faɗan manya ne kawai.

Ana saura mako guda Alhaji ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya. In koma wa haddata, ko in rubuta yadda muke yi a gindin bishiya?" Ban ko yi jim ba na ce, "Rubuta abin da ka sani da kalmominka, Alhaji. Ni zan duba takardar." Wannan ita ce wautata. Na sauya yadda ake koyarwa, na manta ban sauya yadda ake awo ba.

Tambaya mafi tsoka a jarrabawar ita ce a kawo matakai biyar na sasanta rikici. Alhaji ya cika shafi uku da labarin tasha, kuma duk matakan suna ciki: sauraro, gano tushen rigima, shigo da masu faɗa a ji, samo mafita tare, bin diddigi. Na ba shi kusan duka makin. Da takardu suka je teburin farfesa domin tantancewa, ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta sifili. Da wannan sifilin Alhaji ya faɗi karo na uku, aka sallame shi.

Na shiga ofishinsa ban ko yi sallamar kirki ba. Na ɗora takardar kusa da ta wani saurayi da ya jero kanun biyar harafi da harafi, har da kuskuren bugun da ke cikin handawut, ya cinye maki. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko faɗan kaji bai taɓa rabawa ba. Wancan ya hana a zubar da jini." Ya ce, "Ina kalmomin da ke cikin tsarin maki? Nuna mini su." Na ce ma'anarsu tana nan. Ya ce shi ba ma'ana yake dubawa ba.

Na kai maganar taron malaman sashe. Waɗanda suka gama zuga ni a waje, suna cewa gaskiya ce da ni, duk suka sunkuyar da kai suna latsa waya. A ce kwas na koyar da shugabanci, a ɗaki cike da masu koyar da shi, a rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki! Amma kada in cika baki. A lokacin ba a tabbatar da ni a aiki ba, kuma takardata tana hannun farfesa. Da aka miƙo mini sakamakon, na sa hannu.

Bayan shekaru na bi ta tashar zan je Fagam gaida mahaifiyata. Na hango shi tsakanin direbobi biyu masu huci, yana magana a hankali, hannunsa a kafaɗar ɗaya. Na so in sulale, ya riga ya gan ni. Ya taho da fara'a, ya karɓi jakata, ya sa aka ba ni gidan gaba. Na ce, "Alhaji, ni na ja maka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce. Ban taɓa jin daɗin aji kamar naka ba." Ya rufe mini ƙofa, sannan ya leƙo ta taga. "Af, 'yata ta shiga wurinku bana, za ta zo ajinka. Na ja mata kunne, na ce in ka ce ta faɗi ra'ayinta ta faɗa, don kana so. Amma ran jarrabawa ta rubuta na handawut."

Ya buga bayan mota direba ya ja. Har muka wuce Gwaram ina neman abin da zan ce masa ba daidai ba ne a shawarar tasa, ban samu ba.