Rigar Nafi'u Ba Ta Ƙone Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nafi'u ya rasu. Da safen nan ina tasha ina lodin Kano wayata ta yi ƙara. Bala ne, abokin aikinsa a ofishin 'yan kwana-kwana. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Hamisu, sai haƙuri." Na sauke fasinja na ba su haƙuri, don wallahi na san ba zan iya riƙe sitiyari ba.

Mun kai shi makwancinsa bayan Azahar a ƙauyenmu, nan kusa da Tsanyawa. Yanzu na shigo gida nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, tare muka taso, gonarsu na jikin tamu. Ni na zama direba, shi ya shiga aikin kashe gobara.

Mutum ne mai shisshigin alheri. Shi ya ɗaure mini tukunyar kashe wuta a ƙarƙashin kujera, kuma duk shigarsa motata sai ya jawo ta ya duba, ya ce, "Kai da motar nan duk kun tsufa, ɗaya zai riga ɗaya kamawa." In ya ga mai ƙosai a tasha sai ya tsuguna ya ce, "Baba, wannan hijabin naki roba ne fa, in ya kama narkewa zai yi a jiki, ki riƙa sa na auduga." Su yi ta tsokanarsa suna ce masa Malam Gobara.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin ya gamu da hatsarin ita ta hana ni sukuni.

Ran nan da la'asar na shiga gidansu, na hangi mutum tsaye a gindin dalbejiya ya ba ni baya, da hular kwano a ka. Na yi sallama, shiru. Na ƙara, shiru. Na ce, "Kai ɗan iska, yau kuma girman kai ne?" Sai na ji dariya a bayana. Ga Nafi'u zaune a ƙofar ɗaki da singileti.

Ashe rigar aikinsa na gaisar. Ya rataye ta a reshe, wando a ƙasanta, takalma a ƙasan wando, duk sun tsaya kamar da mutum a ciki. Gida yake kawo ta ya wanke da hannunsa, ya shanya a inuwa, wai rana tana kashe mata ƙarfi.

Ya ce, "Ai gara ka saba gaishe ta. Ita ce mai gidan, ni baƙo ne a ciki."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya taso ya buɗe mini cikinta, ya ce in sa hannu. Hawa-hawa ce, ta waje mai kauri wadda wuta ba ta ci, ta ciki mai laushi kamar bargo. Ya ce, "Ka ga nan? Dole ya bushe ƙayau. In ruwa ya shiga ciki kuma na shiga zafi, ba riga ba ce, tukunya ce. Ni fa ruwa nake tsoro, ba wuta ba."

Dariya na yi. Allah Ya sani dariya na yi.

Ranar da abin ya faru ina hanya, ba a gabana aka yi ba. Da rana tsaka wuta ta kama harawar da maƙwabtansu suka jibge a kan rufin kwano, ta gangara ɗakin Baba Ɗanjuma, tsohon da ya daɗe ba ya iya tashi. Maza duk suna kasuwa. Nafi'u yana gida hutu, ya fizgi rigar daga reshe ya zura da gudu.

Kun san yadda muke yi a ƙauye. Duk wanda zai faɗa ɗaki mai wuta, sai an kwarara masa ruwa tukuna. Haka muka taso muka gani, kuma ƙauna ce ke sa a yi.

Mahaifiyarsa, Inna Abu, ta biyo shi da bokiti cike. Bai gama rufe wuyan rigar ba ta juye masa tun daga ƙeya. Matan da ke wurin sun ce ya tsaya cak, ya waiwayo ya kalle ta. Tsohon yana ta tari a ciki, sai ya ja zif ya shige.

Azara ta faɗo ta tare ƙofa, ya daɗe kafin ya samu hanya. Amma ya fito da Baba Ɗanjuma a kafaɗa, da ransa. Mutane suka yi ta kabbara, don rigar ko huda babu. Sai da aka zo cire masa aka ga tururi na fita ta hannu da wuya, fatar bayansa ta biyo rigar.

A asibiti a Kano Bala ya ja ni gefe ya ce likita ya ce yawancin ƙunar ta tururi ce, ba ta harshen wuta ba. Muka yi alkawari ni da shi, Inna ba za ta taɓa ji ba. Ita kuwa duk wanda ya je dubiya sai ta ce, "Allah Ya so na jiƙa shi, da toka za a kwaso." Mu ce haka ne, Inna. Abin yana cin raina kamar me.

Yau da muka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida in yi mata gaisuwa. Na ɗaga ido, ga mutum tsaye a gindin dalbejiya ya ba ni baya.

Wallahi tallahi sai da bakina ya buɗe zan yi sallama.

Wani ne ya mayar da rigar reshenta. Ratsinta mai ƙyalli yana nan, ba inda ta yi baƙi sai kafaɗa ɗaya. Babu iska ko kaɗan, amma ni dai na ga hannunta ya motsa. Wataƙila idona ne.

Inna tana zaune a tabarma kusa da ita. Ta ce, "Hamisu, zo ka sa hannu a ciki."

Na sa. Har yau da danshi, sanyi ƙalau, duk kwanakin nan bai bushe ba.

Ta ce, "Tun safe nake juya ta. Waje lafiya lau, wuta ba ta shiga ba. To me ya dafa shi?"

Na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Na san kwana ne. Ba shi na tambaye ka ba. Kallon nan da ya yi mini kafin ya shiga, shi nake gani ko na rufe ido. Ruwan nan ne, ko?"

Na kasa ɗaga kai. Da bakin da zan ƙara yi mata ƙarya, babu.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana shafa hannun rigar, sannan ta ce, "Ku da kuke rubutu a waya, ka rubuta. Kowace uwa a garin nan da bokitinta a kusa. Ka ce ni ce na zuba wa Nafi'u."

Ɗan farinta ne. Tun da nake a duniya ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai yau.

Shi ya sa na rubuta, Bala ka yafe mini. Don Allah in kun ga ɗan kwana-kwana cikin rigarsa zai shiga wuta, ku zuba ruwanku a kan wutar, kada ku zuba masa. Ku faɗa a gida, ku faɗa wa iyayenmu da ba su da waya.

Ya Allah Ka jiƙan Nafi'u, Ka karɓi shahadarsa, Ka sanyaya masa kabari, Ka haramta wa jikinsa wata wuta bayan wannan. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Ku sa da Inna Abu, Allah Ya ɗauke mata wannan kallon daga ido. Da na fito na baro ta tana juya cikin rigar waje, wai ko zai bushe.