Takardar da Ke Cikin Kujerar Motar Kaz

Duk wanda ya san Loretta Banaszak a Bay City ta ƙasar Amurka, ko dai ya san ta da pierogi, wato naɗin fulawa mai dankali da cuku a ciki, da take kaiwa coci ranar biki, ko kuma ya san ta da bakinta. Gajeriyar mace ce mai kaurin hannu, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, don shekara talatin da ɗaya ta yi a wata ma'aikatar haɗa motoci wajen Detroit, inda sai ka ɗaga murya na kusa da kai yake jin ka. Kujeru take haɗawa. Ta shimfiɗa algarara a kan sifirin, wato wayoyin ƙarfen da ke cikin kujera, ta ɗora soso, ta ja fata, ta ɗame da ƙananan zobban waya. Filayar da take matse zobban tana nan har yau a durowar kicin ɗinta, tare da cokula.

A bakin wannan aikin ta haɗu da mijinta, cikin watan Maris na 1970. Casimir sunansa, kowa Kaz yake ce masa, yana sashen fenti. Ya sayi mota daga ma'aikatar, mai ƙofa biyu, ruwan goro, da injin da ya fi ƙarfin hankalinsa. A zamanin, in ma'aikaci ya sayi mota, sai ya ɗauki hutun yini ya bi ta layi-layi yana sa wa mutane ido. Haka Kaz ya iso layin kujeru, baki har kunne.

"'Yan mata, ku lallaɓa min wannan, tawa ce."

"Taka ce?" in ji Loretta. "To ka goya ta mana."

Bai ji haushi ba, bai kuma tafi ba. Ya tsaya a kanta yana koya mata aikin da ta shekara biyu tana yi. Kowace kujera tana zuwa da takarda mai ɗauke da lambar motar da duk abin da aka sa mata, tun daga inji har launin fenti. In an gama, takardar ta zama shara, kwandon shara kuma yana da nisa, shi ya sa matan layin suke cusa ta cikin sifirin su wuce. Loretta ce ke haɗa kujerar baya ranar. Da surutun Kaz ya ishe ta, sai ta dunƙule takardar ta jefe shi da ita a goshi. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure.

Motar ta zauna da su kamar 'yar fari. Ba ta fita cikin ruwan sama, ba ta taka gishirin da ake zubawa a titi da hunturu, yara uku suka girma ba wanda ya taɓa cin ko biskit a cikinta. Loretta ba ta damu ba. In abokan Kaz suka taru a gareji suna musu a kan noti, ta kai musu kofi ta fito, su kuma ba wanda ya taɓa tambayarta komai in ba sukari ba.

Duk watan Satumba ana taruwa a wani filin tsere da ke tsakiyar gonakin masara, motoci biyu-biyu su kara a miƙaƙƙen titi, kwatan mil. Taron na tsofaffin motoci masu ƙarfi ne, dokarsa kuma ɗaya ce tak, ko da yake sun shimfiɗa ta a shafi goma sha huɗu: mota ta zo yadda ta fito daga ma'aikata. Siraran tayoyi irin na da, salansa irin ta asali, kujeru cikakku, kuma lambar kowane ƙarfe ta dace da ta littafin ma'aikata. Mai duba motocin Duane Rademacher ne, dogon mutum maras fara'a, mai yawo da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori. An ce ya taɓa mayar da ƙanen matarsa gida saboda murfin inji. Motar da ta tsallake, shi yake rubuta mata lamba a gilashin gaba da farin man takalmi.

A 2008 Kaz ya kai motarsa karo na farko, bayan ya yi ritaya. Duane ya leƙa, ya haska, ya ɗago ya ce lambar kafiretar, mai haɗa wa inji mai da iska, ba ta wannan injin ba ce, ta babban inji ce. Kaz ya yi masa bayani cewa a makon da aka haɗa motar dusar ƙanƙara ta tare manyan motocin da ke kawo kaya, sai aka sa wadda ke hannu, kuma a gaban idonsa aka ɗaura ta.

"Kaz, ni ba labari nake dubawa ba, lamba nake dubawa."

Wani a layi ya ce, "Ni ma ƙanƙara ce ta sa min nawa injin!" Aka fashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Kaz Ƙanƙara, a bayan idonsa kuma mai maguɗi. Abokai suka ce ya cire ta ya sa irin ta littafi, aikin awa ɗaya ne. Ya ƙi. A ganinsa cire ta daidai yake da amsa laifin da bai yi ba.

Ya dawo gida ya rufe motar da tamfol. Abin da kawai ya ce wa Loretta shi ne, "Sun hana ni. Kada ki tambaye ni." Ba ta tambaya ba, don ta san halin kayanta. Ta dai gan shi ya ciro kujerar baya, ya ɗaga kafet, har tankin mai ya sauke, ta ɗauka ɓera yake nema. Shekara goma sha ɗaya bai sake taka filin ba. Mutumin da bai taɓa cutar kowa ko a wasan kati ba, ga shi yana kauce wa tsofaffin abokansa a kanti. Abin yana ci mata rai, ba ta kuma san ta inda za ta kama ba.

Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya koma keken guragu, maganarsa ta ragu, kalma uku ko huɗu da ƙyar. Buɗe wasiƙu ya dawo hannun Loretta, a nan ta ci karo da littafin dokokin tseren, wanda ake turo masa duk shekara yana jefawa a shara. Wata safiya tana shan kofi ta karanta shi don rashin abin yi. A doka ta tara ta tsaya. An rubuta cewa duk ƙarfen da ya saɓa wa littafi za a karɓe shi in mai mota ya kawo ainihin takardar da ma'aikata ta haɗa motar da ita.

Ta ajiye kofin, ta je ta tsaya a gabansa.

"Tsoho, takarda kake nema da ka farke min gareji?"

Ya gyaɗa kai.

"Ta kujera?"

"Babu," in ji shi. "Na duba."

"Yo ina za ka gan ta? Ba ita na jefe ka da ita ba?"

Ya zuba mata ido. Can sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Dariya yake yi, ta farko tun da ya kwanta ciwo. Ita kuwa dariyar da haushin suka haɗe mata.

"Shekara arba'in da takwas kana kwana da mai haɗa kujeru, ka rasa wanda za ka tambaya sai su Duane! Ku maza kujerar baya kawai kuka sani, don can wani ya taɓa tsintar tasa."

Ta san abin da ba ya cikin littafin kowa. Mai haɗa kujerun gaba ranar, Opal Tackett ce, wata bahaguwa 'yar Kentucky, Allah ya ji ƙanta. Opal ba ta son sunkuyawa saboda ciwon baya, don haka ba ta cusa takarda a ƙarƙashin mazauni. A cikin majinginar kujerar fasinja take zura tata, bayan algarara, kafin ta ɗame fatar. Amma fa ba kullum ba. In ranta a ɓace yake, ƙasa take watsar da su.

Kaz ya nuna gareji da hannun hagu, wai ta je ta buɗe yanzu.

"A'a. In na buɗe a nan cewa za su yi ni na buga ta a kicin. A gabansu za a buɗe."

"In babu?" in ji shi.

"In babu, sai su yi dariyar da ni. Ni ba na jin kunyar kowa."

Ƙarya take yi. Tana tsoro ƙwarai, ba don kanta ba, don kada ta kai shi a keke gaban mutanen nan a sake tozarta shi. Duk da haka ta cike takardar shiga tseren da sunanta a matsayin direba. Makaniken unguwa ya canza mai da batir, ta tsaya a kansa kada ya taɓa ko noti ɗaya na kafiretar. Duk ranar Talata, lokacin da filin ajiye motoci na coci ba kowa, ta je ta koyi sakin kuloci ba tare da tayoyin sun yi ta hayaƙi a wuri ɗaya ba. Fada Jerome ya leƙo sau ɗaya, ya yi alamar gicciye, ya koma ciki.

Ranar duba motoci suka isa da hantsi, Kaz a kujerar fasinja, kekensa a but. Motar ruwan goro na shiga layi hira ta ɗauke. Duane ya tsufa, ya ranƙwafa, amma tocilar na nan. Ya gaishe su da ladabi, ya buɗe bonet, bai yi minti ɗaya ba ya ɗago.

"Uwargida, kafiretar nan dai ita ce."

"Ita ce mana. Ka ɗauka aure ta yi?"

"To kin san doka."

"Na san ta tara ma. Ku kama min shi ku sa a keke, kujerar nake so."

Maza biyu suka ɗauke Kaz. Ta ce wa Duane ya haska zobban da ke ƙasan majinginar ya gaya wa jama'a abin da ya gani. Ya duƙa ya daɗe, sannan ya ce tsatsar shekara hamsin ce a kansu, ba wanda ya taɓa su. Wani mai jar hula ya ce, "Mama, a kujerar baya ake samu, ba nan ba."

"Kai ɗan nan, kana cikin zanen goyo nake haɗa kujeru. Matsa ka ba ni haske."

Ta ciro filayarta daga jaka. Zobe goma sha biyu ne, ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a tafin Duane. Ta ajiye filayar. Ta naɗe fatar sama kamar mai tuɓe wa yaro riga, ta zura hannu bayan algarara. Ta lalubi dama, ba komai. Ta lalubi tsakiya, sai ƙura da ɓurɓushin soso. Ta ƙi yarda ta waiwayi Kaz. Sai ta tuna Opal bahaguwa ce. Ta zare hannun dama, ta zura na hagu har kafaɗa, can sama a lungu yatsunta suka taɓa wani abu mai ƙaras-ƙaras.

Ba ta ja ba. Ta ce, "Duane, zo ka ciro da kanka."

Takardar ta koma ruwan ƙasa, sifirin ya bar mata zanen tsatsa. Duane ya shimfiɗa ta a kan bonet da yatsa biyu. Ya gwada lambar motar da wadda ke bayan gilashi, ta yi daidai. Ya bi akwatunan da farce har ya zo kan na kafireta. An soke lambar farko, an buga wata a gefe da hatimin ma'aikata. Ya karanta ta da ƙarfi, ya koma ya haska ta cikin injin, ya karanta ita ma da ƙarfi, ko da yake ba wanda ya ce ya yi haka.

Ya cire hularsa ya je gaban keken.

"Kaz, ƙanƙara ta sauka a wancan makon. Gaskiya ka faɗa. Ka yafe min."

Hawaye suka bi kuncin Kaz na hagu. Duane ya ciro kwalbar farin man takalmin, wadda bai taɓa ba kowa ba, ya sa masa a hannu, ya tura keken har jikin mota. Da hagu Kaz ya rubuta 70, shekarar motar, a gilashin, bakwai ɗin a karkace, sifirin a buɗe. Ba wanda ya gyara. Loretta na can duƙe tana mayar da fatar kujera, don doka ta ce kujeru su zama cikakku, kuma ba ta so a ga fuskarta.

Washegari da rana ta sa hular kwano ta aro, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da wata baƙar mota. Fitilun ba da izinin tashi suka kunnu ɗaya bayan ɗaya, koriyar ta kama, baƙar ta yi gaba kafin Loretta ta tuna da ƙafarta. Amma da ta taka totur, injin da ya shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin tamfol ya buɗe murya har aka ji a gonakin masara. Daƙiƙa goma sha huɗu da ɗigo uku ta yi. An cinye ta da tsawon mota biyu. Mai lasifika ya ce, "Motar Casimir Banaszak ke nan, yadda ta fito daga ma'aikata," mutane suka miƙe tsaye.

Ta dawo ta same shi a bakin shinge, tsofaffin abokansa sun kewaye shi, wani ya riƙe masa kofi. Ta cire hular, gashinta ya jiƙe sharkaf, ta tsaya tana jiran abin da zai ce. Ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Kin yi barci... a fitila."

"Ji min tsoho! To baɗi ka zo ka tuƙa da kanka."

Ya girgiza kai, ya kamo hannunta, wanda har yanzu akwai tsatsar kujera a farcensa.

"Baɗi," in ji shi. "Ke. Ni zan koya miki."